Filin Kanikawa: Tambayoyinku kan sa injin dizal a tsohuwar a-kori-kura

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga masu a-kori-kura ne na Legas, kuma kusan magana ɗaya suke yi: injin fetur ya gaji, ana son a koma dizal, ko an riga an koma an gamu da matsala. Mun zaɓi shida mun miƙa wa kanikawan da ke amsa wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux mai injin 22R, ina ɗaukar albasa da tumatir daga Mile 12 zuwa Oyingbo da Ajah. Injin ya fara shan baƙin mai, yana hayaƙi. Wani ya ce in sa injin Isuzu, wani ya ce 1KZ ya fi ƙarfi. Wanne zan saya, kuma me zan duba a Ladipo? (Mai karatu daga Mile 12)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawararmu ita ce ka sa injin da kamfanin da ya ƙera motar ya taɓa sa wa irin wannan shasi da hannunsa. Ga Hilux, dangin L ne: 2L mai lita 2.4, da 3L mai lita 2.8, da 5L mai lita 3.0. Dukansu Toyota ta fitar da Hilux da su, saboda haka kujerun inji da ƙoƙon giya da lagireto da salansa duk akwai su a kasuwa, ba sai an ƙirƙira ba. Da Nissan D21 gare ka, da mun ce TD25 ko TD27. Da Mitsubishi L200 ce, 4D56.

Injin Isuzu 4JB1 mai lita 2.8 inji ne nagari, yana da tsimin mai, ba mu da abin faɗa a kansa. Matsalar tana wajen haɗa shi da giyar Toyota. Sai an yanka faranti a tsakani, sai an gyara filawil, sai an nemo kulocin da faɗinsa ya dace da Isuzu haƙoransa kuma suka dace da sandar giyar Toyota. In farantin nan ya kauce daga tsakiya ko da rabin milimita ne, boris ɗin gaban giya zai riƙa mutuwa, kuloci ya riƙa karkarwa, kai kuma kana ta canzawa ba ka san daga ina ciwon yake ba. Wanda ya nace sai Isuzu, to ya ɗauko shi da giyarsa, a yanka farfela a daidaita ta a wajen masu injin juya ƙarfe, ba da walda a bakin titi ba.

Shi kuwa 1KZ-TE, gaskiya ne yana da ƙarfi. Amma famfon mansa kwamfuta ce ke sarrafa shi, dole ka samu kwamfutar da cikakken wayarin da na'urorin awo, kuma ƙarfin juyinsa ya haura Nm 280 alhali na 3L bai wuce wajen 188 ba. Ƙaramar giyar da ke bayan 22R ba za ta daɗe a hannunsa ba, balle da lodi. Ga shi tof silindarsa ba ta haƙuri da zafi ko kaɗan. Don aikin kasuwa a cikin Legas, 3L muka fi so, ko 5L wanda famfon mansa ba na kwamfuta ba ne. Ka lura da harafin ƙarshe: 5L-E shi ma na kwamfuta ne. Shi 2L yana aiki, amma da buhunan albasa a baya za ka ji jiki a hawan gada.

Yanzu maganar saye, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Kada ka sayi inji tsirara. In da hali, sayi rabin mota, wato gaban Hilux mai dizal da aka yanko, a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo da ke Mushin ko ta ASPAMDA da ke Trade Fair. In ba hali, ka tabbata injin ya zo da famfon mai da nozul huɗu, da sitata, da altaneta mai famfon iska a bayanta, da filawil, da ƙoƙon giya da cokalin kuloci, da ƙafafun inji, da manifol biyu, da fanka, da gidan filtar mai mai ɗan famfon hannu a kai. Kowanne daga cikin waɗannan in ka koma neman sa shi kaɗai, mai shago ya san ba ka da zaɓi, kuma haka zai yi maka kuɗi.

Ka tambaya daga wace mota aka ciro shi. Yawancin 3L da 5L da ke yawo a Legas daga bas ɗin Hiace suke, kuma botom filet ɗinsu da bututun tsotso baƙin mai da sandar awon mai da manifol ba irin na Hilux ba ne. Za su zauna, amma sai an sauya waɗannan, in ba haka ba botom filet ya daki ƙarfen gindin inji ko sandar sitiyari. Mun sha ganin an ɗumama botom filet da wuta an buga shi da guduma don ya wuce. Abin da ke biyo baya shi ne bakin bututun ya manne da ƙasa, mai ya daina hawa yadda ya kamata, metal ya ƙone. Haka kuma in inji ya fito daga babbar mota, karanta rubutun jikin sitata, domin akwai masu wuta 24, motarka kuwa 12 ce.

A sa a tayar da shi a gabanka, kuma ka taɓa shi da hannu tukuna ka ji yana da sanyi. Injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye aibinsa. In ya tashi, buɗe murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba: in yana ɗan rawa babu laifi, in iska na cilli da shi da farin tururi, ringi sun tafi. Wanda ya samu ma'aunin matsi ya fi kowa: a dangin L lafiyayyen inji yana ba da wajen kilo 32 a kowace santimita murabba'i, ƙasa da 20 ya mutu, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 5. Ku rubuta kwanakin gwaji a jikin rasit tare da lambar inji.

Kafin a ɗora shi, tun yana ƙasa, a canza taimin bel da tenshina da famfon ruwa da silin baya na kirankishaf da faifan kuloci. Ka'idar bel ɗin nan kilomita 100,000 ce, kuma babu wanda ya san nawa ya yi a ƙasar da ya baro. In ya tsinke fistin zai daki bawul. Nan TD27 na Nissan ya fi shi kwanciyar hankali, shi haƙoran ƙarfe ne ke juya masa taimin.

Kujerun inji da ke jikin shasi mai yiwuwa sai an matsar da su. Kada mai walda ya fara sai an ɗaura inji da giya a haɗe, an zaunar da bayan giya a gurbinta na asali, an ga fanka ta bar wa lagireto tazarar yatsu biyu, botom filet ya bar wa ƙarfen ƙasa yatsa guda da rabi. A ɗiga walda, a sauke inji, sannan a kammala, da ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6. Robar kujerun ta dizal ce za a sa, ta fetur ba ta jure girgizar. Gaban mota zai ɗan sauka saboda nauyi. A ɗaga toshin ba kaɗan, a sa sabon shok, a je a yi alaimen.

Tambaya: Ina da a-kori-kura biyu masu raba ruwan leda a Agege da Iyana Ipaja. Direbobina sun dame ni in mayar da su dizal wai ya fi sauƙi. Da gaske ne kuɗina zai dawo? (Hajiya daga Agege)

Amsa: Hajiya, a bar maganar direba, a ɗauko biro. Dizal ya fi tsimi a kowace kilomita, wannan ba gardama, amma a Najeriya litarsa ta saba fin ta fetur tsada. Cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya rage tazarar, matatar Dangote da ke Lekki kuma ta fara fitar da dizal a 2024, amma farashin biyun kullum motsi yake yi, don haka lissafin ranar da za ki yanke shawara shi ne lissafi.

Ga yadda ake yi. A cika tanki fal, a rubuta kilomita, a yi aikin mako guda, a sake cikawa, a ga lita nawa motar ta sha a kilomita 100. A ce ta sha 14. Irin wannan mota da 3L a kan irin wannan aiki za ta iya shan wajen 10. Ke nan muddin litar dizal ba ta kai ninki 1.4 na kuɗin litar fetur ba, akwai rara. Ki ninka rarar kowace kilomita da kilomitar da motar ke yi a wata, ki raba jimillar kuɗin aiki da abin da ya fito. Jimillar kuma ba kuɗin inji kaɗai ba: a ƙara lagireto, batir, salansa, walda, wayarin, kuɗin bakanike, da kwanakin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi. In amsar ta wuce shekara biyu, mu dai ba za mu yi ba.

Motar ruwan leda tafiyarta gajera ce, tsaya-tashi a lungu, kilomitarta a wata ba ta da yawa. Irin wannan aiki ne dizal ya fi daɗewa bai biya kansa ba. Akwai kuma abin da ake mantawa: injin fetur ana iya ɗora masa tukunyar iskar gas ta CNG, injin dizal kuwa ba ya karɓar wannan cikin sauƙi. In injinanki suna da sauran lafiya kuma akwai gidan CNG a hanyar motocin, ki fara auna wannan. In ɗaya ya riga ya mutu, ki gwada dizal a kanta ita kaɗai, ki bar ɗayar.

Tambaya: An sa min TD27 a Nissan ɗina. Inji lafiya lau, amma birki ya yi tauri kamar dutse bayan na taka sau biyu, kuma wani lokaci in na kashe makulli injin ba ya mutuwa. Da safe ma sai an daɗe ana kik. (Mai karatu daga Idi-Araba)

Amsa: Ɗan'uwa, ka ajiye motar nan har a gyara birkin. Matsaloli uku ka kawo, kuma duk ukun daga ƙananan abubuwan da aka tsallake ne.

Tukunyar da ke bayan fedar birki da zuƙar iska take aiki. Injin fetur yana samar da wannan zuƙa a manifol ɗinsa kyauta. Dizal ba ya yi, shi ya sa aka maƙala masa ɗan famfo a bayan altaneta. A duba ko altanetar da aka sa maka tana da shi, domin wasu masu wayarin suna mayar da tsohuwar altanetar fetur don ta fi dacewa da soket. In yana nan, a bi tiyonsa uku: siririn da ke kawo baƙin mai daga jikin inji, da mai mayar da shi botom filet, da babban da ke zuwa tukunya. Famfon da ba ya samun mai fukafukansa na ciki suna cinyewa cikin kwanaki. A kan babban tiyon dole a samu bawul mai hanya ɗaya, kuma a duba ba a juya shi baibai ba. Ma'auni ya nuna zuƙar aƙalla wajen milimita 500 (mmHg). Yadda ka ce taka biyu na farko suna kamawa sannan ya ƙi, ya nuna famfo yana zuƙa amma a hankali, ko tiyo na yoyo. A ƙara ƙaramin tankin ajiyar iska irin wanda motocin dizal ke zuwa da shi. A go-silon gadar Third Mainland, inda ƙafa ba ta sauka daga birki kuma inji yana silo, shi ne zai cece ka.

Mutuwar inji kuwa, dizal ba shi da fulogin wuta da za a yanke. Abin da ke kashe shi wani ɗan solonoyid ne a kan famfon mai, mai waya ɗaya: in ya samu wuta 12 ya buɗe, in an yanke ya rufe. In makulli ya mutu inji bai mutu ba, galibi wuta ce ke dawowa daga altaneta ta wayar fitilar caji tana riƙe solonoyid ɗin a buɗe. A sa dayod a kan wannan waya, ko a ba solonoyid rile nasa. In an zare wayar gaba ɗaya inji ya ci gaba da aiki, to ɗan ƙarfen cikinsa ne ya maƙale, ko wani ya taɓa cire shi.

Wahalar tashi da safe kuma ta hita fulogi ce. Zafin Legas bai hana TD27 da dangin L neman hita ba, domin man nasu ba kai tsaye yake faɗawa kan fistin ba, sai ya bi ta wani ɗan ɗaki a tof silinda. Huɗun tare suna jan amfiya 40 zuwa 60, saboda haka rile babba ake sa musu da waya mai kauri daga batir, da fiyus. In maɓallin hannu za a yi, a sa masu rubutun 11V a riƙe kamar daƙiƙa goma. Masu 6V ko 7V na na'urar lokaci ne, da maɓallin hannu nan take suke ƙonewa. Batir ya kai amfiya 90 zuwa 100, wayoyinsa masu kauri, da wayar at, wato ta negatif, daga jikin inji zuwa shasi.

Tambaya: Tun da aka sa min 3L, in na hau titin Ibadan na kai 90 sai inji ya yi ta kururuwa, allurar zafi kuma tana hawa. Giya huɗu ce da ni. (Mai karatu daga Alaba Rago)

Amsa: Alhaji, injin fetur yana juyawa har 5,500 a minti bai damu ba, 3L kuwa ƙarshensa bai fi 4,000 da kaɗan ba, kuma daɗinsa yana tsakanin 2,200 da 3,000. Bari mu yi lissafi da taya 195R14, wadda zagayenta ya kai wajen mita 2.09. A gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 800 a minti. In aksil ɗin baya 4.88 ne, a giya ta huɗu inji yana yin kusan 3,900, wato yana bakin iyakarsa. Da giya biyar mai 0.85 zai sauko wajen 3,300. In an haɗa da aksil 4.3, ya dawo wajen 2,900, nan ne zai yi shiru ya kuma rage shan mai.

Don sanin naka, a ƙirga haƙoran kuran-wil a raba da na finiyo: 39 da 8 shi ne 4.88, 41 da 9 shi ne 4.56, 43 da 10 shi ne 4.3, 41 da 10 shi ne 4.1. Mu giya biyar za mu fara nema kafin mu taɓa aksil, saboda mai ɗaukar lodi yana buƙatar ƙarfin tashi, kuma 4.1 da kaya a baya kuloci ne zai biya. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, gaba da baya dole su zama lamba ɗaya.

Zafi kuma kada ka yi wasa da shi, tof silindar dangin L tana tsagewa tsakanin bawul. Lagireton fetur mai layi biyu ya yi kaɗan, a sa na dizal mai layi uku, da murfi mai rubutun 0.9, da rumfar da ke zagaye fanka. Rumfar nan da ake yarwa a gareji ita ce ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto lokacin da mota take tsaye. A mayar da tamostat, kada a cire shi. Ba shi ke kawo zafi ba, kuma in babu shi ruwa yana iya zagayawa cikin inji ta gajeriyar hanya bai je lagireto ba. A kuma tabbata na'urar awon zafin da ke jikin inji ta dace da agogon dashbod, don ta wata mota tana iya yi maka ƙarya ta kowane ɓangare. Salansar fetur in siririya ce tana riƙe zafi, a yi ta inci biyu ko biyu da kwata.

Tambaya: Peugeot 504 a-kori-kura fa, irin ta Kaduna? (Mai karatu daga Obalende)

Amsa: Tana karɓa. Peugeot ta yi 504 da dizal XD2 mai lita 2.3, kuma XD3 mai lita 2.5 na 505 yana shiga. Sai dai kwanciyar injin fetur da ta dizal a cikin bonet ba ɗaya ba ce, don haka ƙafafun inji da ƙoƙon giya na dizal ɗin za ka nema tare da shi. Abin da zai ba ka wahala kayan gyara ne, sun yi ƙaranci. Ka fara zagaya Ladipo da Owode Onirin ka tambayi gasket da nozul da hita. In ka same su a shago fiye da ɗaya, bismillah.

Tambaya: Motata tana tafiya sai ta mutu, sai na matsa ɗan famfon kan filta ta tashi. Tankin fetur na da ne ba a canza ba. Sannan VIO za su kama ni saboda lambar inji? (Mai karatu daga Ketu)

Amsa: Iska ce ke shiga layin mai, Malam. Famfon dizal tsotso yake yi daga tanki, saboda haka ƙaramar ɓula ba ta ɗigar da mai a gani, iska take sha. Sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, ka tayar da inji: in ka ga kumfa na wucewa, ka bi baya gaɓa-gaɓa. Sau da yawa robar ɗan famfon hannun ce ta tsufa, ko kilif ɗin tiyo.

Tankin fetur yana iya aiki in an sauke shi an wanke ya bushe. In motar mai injekta ce, a cire famfon lantarkin da ke ciki a sa bututu zalla, ƙarfinsa ya fi abin da silin famfon dizal zai ɗauka. A cire siririyar ragar bakin bututun ko a sa mai manyan ƙofofi. Layin shiga ya zama milimita 8, kuma dole a ja layin komawa zuwa tanki, milimita 6 ta isa. In aka toshe shi ko aka haɗe shi da na shiga, iskar da ta shigo ba ta da hanyar fita. Murfin tanki ya riƙa numfashi: in ka buɗe ka ji ya ja iska, shi ne ke kashe maka mota. Filta ta zama mai kwanon tara ruwa, a riƙa zubar da shi duk mako, kuma a guji dizal ɗin jarka na bakin hanya, wanda aka gauraya da kananzir ba ya shafa wa famfo maiƙo, yana cinye shi. Baƙin mai 15W-40 na dizal, a juye duk kilomita 5,000.

Kafin damina, a duba inda bakin shaƙar iska yake. A ɗaga shi sama cikin fenda. Matsin dizal ya kai ninki 22, ruwa kaɗan in ya shiga silinda a ambaliyar Legas ya isa ya lanƙwasa konrod.

Maganar takardu, lambar injin da ke jikin takardunka ta daina dacewa da abin da ke cikin bonet, kuma jami'in da ya duba yana da hujjar tsayar da kai. Ka ajiye rasit ɗin saye mai ɗauke da lambar sabon inji da adireshin shago, ka je ofishin rajistar motoci na jihar Legas, wato MVAA, ka nemi a gyara lambar da nau'in mai, ka sanar da kamfanin inshorarka, sannan ka kai ta gwajin lafiyar mota. Kafin ranar gwajin a kai nozul wajen masu saitin famfo, domin baƙin hayaƙi yana cikin abin da ake dubawa.